Ƙurajen Fuska Bayan An Girma: Laifin Abincin Da Bai Karɓe Ka Ba Ne?

A wannan shafi muke kawo maka a rubuce abin da muka tattauna a filinmu na lafiya. Tambayar wannan karon ta daɗe tana shigo mana ta waya da saƙonni, daga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, har Katsina da Daura da Illela. Masu tambayar yawanci ba yara ba ne. Mutum ya wuce 25, wata ma ta yi aure har da 'ya'ya biyu, amma fuska ta ƙi lafawa. Sai a ce mata ai gyaɗa ce, ta daina. A ce ƙwai ne, ta daina. A ce nono ne bai karɓe ta ba, shi ma ta ajiye. Ƙarshe dai tukunya ta rame, fuska tana nan yadda take.

To, yau mu warware zancen. Akwai alaƙa tsakanin abinci da ƙuraje, amma yawancinmu ba a inda take muke nemanta ba.

Yadda ƙurji ke samuwa

A ƙarƙashin fatarka, a gindin kowane silin gashi, akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Aikin maiƙon shi ne ya hana fata bushewa. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya, shi ya sa nan ne ƙuraje suka fi yi wa sansani.

Abu huɗu ne ke haɗuwa su haifi ƙurji. Maiƙo ya yi yawa. Matacciyar fata ta manne ta toshe ƙofar da zai fita. Wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai lafiya da marar lafiya, ta samu ɗaki rufaffe cike da abinci ta hayayyafa. Sai garkuwar jiki ta kawo ɗauki, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya.

Wa ke ba jakar maiƙon umarni? Sinadaran jiki da ake kira homon, musamman wani rukuni nasu mai suna androjin. Maza sun fi yawansa, amma mata ma suna da shi. Lokacin balaga yakan tashi, shi ya sa aka saba cewa ƙurajen balaga. Sai dai ba kowa suke saki da ya girma ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, wanda aka tambayi mutum sama da 1,000, ya samu kusan rabin matan da ke tsakanin shekara 20 da 29 suna cewa suna da ƙuraje. A 'yan shekara talatin da wani abu, kusan ɗaya cikin uku. A 'yan arba'in da wani abu, kusan ɗaya cikin huɗu. A kowane rukuni mata sun fi maza. Don haka 'yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ƙazanta ba ce.

Riƙe abu ɗaya daga nan, zai yi mana amfani a gaba: ƙurjin da ka gani yau, ba jiya aka fara shi ba. Toshewar takan yi makonni tana ginuwa a ɓoye kafin ta fito fili. Ka ci ƙuli-ƙuli da dare, ka tashi da ƙurji da safe, ka ce ai ga shi nan. A'a, wancan ƙurjin ya riga ƙuli-ƙulin zuwa.

"Bai karɓe ni ba": magana ɗaya, ciwo uku

Mu a Hausa da zarar abinci ya dame mu sai mu ce bai karɓe mu ba. Likitoci kuwa sun raba wannan magana gida uku, kuma kowane gida da irin alamarsa.

Gida na farko shi ne ciki ya kasa narkar da wani abu. Babban misali shi ne sukarin da ke cikin madara, wanda ake kira laktos. Hanji yana da wani sinadari, laktes, mai farfasa shi. Kusan kowane jariri yana da shi isasshe don shan nonon uwa, amma bayan yaye yakan ragu a jikin yawancin mutane. Kusan biyu cikin uku na manyan duniya haka suke. Idan irin wannan mutum ya sha madara da yawa, sukarin yakan wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin da ke can su ruɓar da shi. Sai ka ji ciki yana ƙugi, ya kumbura, ga iska, ga murɗa, wani lokaci har da zawo. Yawanci cikin rabin awa zuwa awa biyu abin ke tashi.

Wannan batu ma a yankinmu aka yi ɗaya daga cikin sanannun bincike a kansa. A 1971 wata tawaga ƙarƙashin Norman Kretchmer na jami'ar Stanford ta buga sakamakon gwajin da ta yi a Nijeriya. Sun samu yawancin Fulani makiyaya suna narkar da laktos har girmansu, alhali yawancin Yarbawa da Hausawa ba sa iyawa. Abin gado ne. Al'ummar da ta yi dubban shekaru tana rayuwa da shanu, irin su Fulani da Buzaye, jikinta ya riƙe wannan baiwa. Ka ga dalilin da ya sa wani zai shanye ƙwarya guda ta ɗanyar madara ya kama hanya, wani kuwa rabin kofi ya sa shi zarya bayan gida.

Kuma ka ga hikimar nono da kindirmo. Idan madara ta kwana ta yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da ita sun riga sun cinye wani kaso na sukarin. Shi ya sa mai gudun madara sau da yawa yake shan fura da nono lafiya lau.

Gida na biyu shi ne garkuwar jiki ta ɗauki abincin a matsayin abokin gaba. Wannan ne alaji, mu kuma mun fi ganinsa da sunan borin jini. Mutum ya ci gyaɗa ko kifi ko ƙwai, cikin mintuna jiki ya ɗau ƙaiƙayi, ya yi rudu-rudu, leɓe ko ido ya kumbura. Ruɗun nan yakan tashi a nan ya kwanta, ya sake ɓullowa can, ba ya tara mugunya. Idan har ya kai ga shaƙewar murya ko wahalar numfashi, ba zancen jira ba ne, asibiti za a nufa nan take, don yana kisa.

Gida na uku wani ciwo ne da ake kira siliyak. Mai shi idan ya ci gulutan, wato wani sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, garkuwar jikinsa sai ta far wa hanjinsa. Yana kawo zawo mai daɗewa, rama, ƙarancin jini. A duniya kusan mutum ɗaya cikin 100 ne. Wani bincike na 1999 ya samu sama da kashi 5 cikin 100 a yaran Saharawi da ke sansanonin Aljeriya, wanda yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani. Wasu masu siliyak suna yin ƙuraje, amma nasu daban ne: 'yan ƙanana masu ruwa, masu tsananin ƙaiƙayi, a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ɗuwawu.

Yanzu duba gidajen nan uku da kyau. Na farko a ciki yake tsayawa. Na biyu borin jini yake kawowa. Na uku ƙurajensa ba irin na fuska ba ne. Babu ɗayansu da aikinsa shi ne toshe jakar maiƙo. Wato idan madara tana sa cikinka ƙugi kuma kana da ƙuraje, matsala biyu gare ka da suka haɗu a jiki ɗaya.

To ina alaƙar take?

Alaƙar ta bi ta wata hanya, kuma hanyar tana aiki ko cikinka yana karɓar abincin ko ba ya karɓa.

Idan ka ci abin da ke saurin zama sukari a jini, jiki yakan saki insulin da yawa don ya kwashe shi. Insulin idan ya yi yawa yana tayar da wani sinadarin girma da ake kira IGF-1, kuma yana ƙara wa androjin kaifi. Su biyun sukan sa jakar maiƙo ta ƙara aiki, su sa fatar bakin ƙofar ta yi kauri. Ka tuna abu huɗun da muka lissafa a sama? An samu biyu ke nan.

An daɗe ana ja a kan wannan. A 1969 wasu likitocin fata a Amurka suka gwada mutum 65. Wani lokaci su ba su cakulan, wani lokaci su ba su wani abu mai kama da shi wanda ba koko a ciki. Ba su ga bambanci ba, sai aka shiga koyar da ɗaliban likita cewa abinci ba ruwansa da ƙuraje. Shekaru da yawa bayan haka aka koma aka duba, aka ga ai abin da aka kwatanta cakulan ɗin da shi, shi ma cike yake da sukari da mai. An gwada zaƙi da zaƙi ke nan.

A 2002 Loren Cordain da abokan aikinsa suka buga rahoto a kan mutanen tsibirin Kitaba a Papuwa Niyu Gini, mutum 1,200, da kuma wata ƙabila ta mafarauta a Faraguwai, mutum 115. Ba su samu mai ƙurajen fuska ko ɗaya ba. Abincin mutanen nan doya ce da dankali da kifi da naman daji da 'ya'yan itace. Lemon kwalba da fulawa ba su da yawa a cimarsu. Wannan rahoto bai tabbatar da cewa abincin ne kaɗai dalili ba, tunda akwai gado da yanayin rayuwa, amma shi ya sake buɗe maganar.

Sai a 2007 aka buga sakamakon wani gwaji na gaske da aka yi a Melbon ta Ostireliya. Samari 43 'yan shekara 15 zuwa 25, aka raba su biyu. Rukuni ɗaya aka sa su cin abincin da ba ya saurin ɗaga sukarin jini, ɗayan suka ci gaba da irin cimarsu. Bayan mako 12, ƙurajen rukunin farko sun fi raguwa. A 2012 an buga makamancinsa da aka yi a Koriya ta Kudu da mutum 32 na mako 10, aka ga irin wannan sakamako. Lura da kalmar: raguwa aka gani, ba warkewa ba.

Mafi kusa da batunmu na manya shi ne wanda aka buga a 2020 daga Faransa, inda aka duba cimar manya 24,452. Waɗanda suka fi shan lemo mai zaƙi da madara, da cin kayan maiƙo masu sukari, sun fi yawan cewa suna fama da ƙuraje a lokacin.

Maganar madara

Wanda ya jagoranci binciken da ya fi shahara a kan madara ɗan Nijeriya ne, Dakta Clement Adebamowo, lokacin yana jami'ar Harvard. A 2005 shi da abokan aikinsa suka duba bayanan ma'aikatan jinya mata 47,355 a Amurka. Waɗanda suka fi shan madara a 'yanmatancinsu sun fi yawan cewa likita ya taɓa tabbatar musu da ƙuraje masu tsanani. Abin da ya ba mutane mamaki, alaƙar ta fi ƙarfi ga madarar da aka cire wa mai. Ashe ba man shanun ne abin zargi ba.

Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, madara an yi ta ne don ɗan maraƙi ya girma da sauri. Sinadaran gina jiki da ke cikinta suna tayar da insulin da IGF-1. Wannan ba shi da haɗi da laktos. Don haka Bafulatanin da cikinsa ke karɓar madara sarai zai iya ganin tasirinta a fuska, mai zawon madara kuma ya zauna da fuska sumul. Haka nan madarar kanti da aka rubuta an cire mata laktos za ta kwantar da ciki, amma sinadaran gina jikin suna nan a ciki.

Abu biyu za ka riƙe kafin ka yanke wa madara hukunci. Na ɗaya, irin waɗannan bincike na tambaya suna nuna abu biyu suna tafiya tare ne, ba sa tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Kuma bambancin da aka gani matsakaici ne, miliyoyin mutane suna shan madara kullum fuskarsu ƙalau. Na biyu, a kan madara mai tsami da cuku sakamakon ya rabu, wasu sun ga alaƙa wasu ba su gani ba. Don haka kar wani ya ce rediyo ta ce a daina sayen nono a hannun Fulani. Ba mu faɗa ba.

Inda muke so samari su buɗe kunne shi ne garin gina tsoka da masu ɗaga ƙarfe ke sha, wanda ake yi daga ruwan madara. Likitoci a ƙasashe da dama sun ba da rahoton samarin da ƙuraje suka feso musu a fuska da baya bayan sun fara shan sa, suka kuma lafa da aka daina.

Mu dawo kan teburin mai shayi

Ɗauki karin kumallon da da yawa daga cikinmu ke yi a tasha ko bakin kasuwa. Kofin shayi, an zuba madarar gwangwani mai kauri wadda dama da sukarinta, an ƙara cokali uku na sukari, ga rabin burodi na farar fulawa. Da rana farar shinkafa ko taliya, a kora da lemon kwalba. Da yamma a fada, shayi zagaye uku, kowane da sukarinsa. Ga fanke da cincin a tsakani. Wannan shi ne ainihin irin cimar da binciken da muka ambata suke nuna wa yatsa.

Amma wa ake zargi a gari? Gyaɗa, ko gujiya kamar yadda muke ce mata a wannan ɓangaren. An bar jaki ana dukan taiki. Gyaɗa ba ta cikin abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, hasali ma tana cikin masu jinkiri. Ƙwai ma haka. Man da ka ci kuma ba ya bi ta jini ya fito ta fuska kamar yadda ake faɗa, jakar maiƙo ita ke ƙera nata da kanta. Abin da man suya ke yi shi ne idan ya taɓa fatar daga waje. Mai tuyar ƙosai ko awara da ke wuni a kan kasko, ko wanda ya ci soye ya shafa hannu a fuska, wannan kam zai iya toshe ƙofofin fata.

Abin daɗin shi ne maganin yana cikin rumbunmu. Wake da duk abin da ake yi da shi. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba. Kwaɗon zogale da rama, miyar kuka da kuɓewa, kifi, ganye. Fura da nono ba tare da an juye mata sukari ba. Zoɓo da kunun aya da sukari kaɗan. Idan za ka ci shinkafa, haɗa ta da wake da ganye, haɗin yana rage saurin hawan sukarin.

Kafin ka zargi tukunya, duba gaban madubi

A wurin manya, sau da yawa sanadin ba a kwano yake ba.

Na farko man shafawa na ƙara haske, wato bilicin. Ɗauko kwalin ki karanta ƙananan rubutun. Idan kin ga clobetasol ko betamethasone, wannan magani ne mai ƙarfi na rukunin sitiroyid, an yi shi don wasu cututtukan fata na ɗan lokaci. Makonnin farko fuska takan yi luwai, shi ne tarkon. Daga baya sai ƙuraje su feso, 'yan daidai-wa-daida kamar an shuka su, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana. Haɗin da ake sayarwa a roba ba suna ba takarda, shi ma sau da yawa da irin wannan a ciki. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Na biyu ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu akwai dexamethasone a ciki, shi ma sitiroyid ne. Yana kawo ƙuraje a fuska da ƙirji da baya, ga hawan jini da ciwon suga. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, akwai haɗari, likita ne zai rage masa a hankali. Allurar bitamin B12 mai yawa ita ma an san tana tayar da ƙuraje ga wasu.

Na uku man gashi da man shafawa masu kauri. Idan ƙurajen a goshi suke, a bin layin gashi, duba abin da ake shafa wa kai. Haka hodar da ake kwana da ita, da ɗankwali ko hula ko rawani da suka sha zufa ba a wanke ba.

Na huɗu homon. Ƙurajen da ke zama a haɓa da muƙamuƙi, masu zurfi da zafi, suna tashi mako guda kafin al'ada, wannan aikin homon ne. Idan kuma ga ƙuraje, ga al'ada tana tsallake watanni, ga gashi yana fitowa a haɓa, ga haihuwa ta yi jinkiri, to je ki ga likitan mata. Akwai wata lalura ta ma'ajiyar ƙwan mace da ke haɗa waɗannan alamu duka, kuma ana kula da ita. Wasu hanyoyin tazarar haihuwa, kamar allura da ashanar hannu, su ma suna tayar wa wasu mata da ƙuraje. Kada ki cire da kanki, koma inda aka sa miki ki yi bayani.

Maza kuma, ƙurajen da ke fitowa a gemu da wuya bayan aski yawanci gashi ne ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Rage kankare gemu da reza ya fi daina cin ƙwai amfani.

In kana son ka gwada da kanka

Gwaji yana da ƙa'ida, in ba haka ba wahala kawai za ka sha.

Cire abu ɗaya tak. Shawararmu ka fara da sukari: lemon kwalba, madarar gwangwani mai zaƙi, sukarin shayi. Ko fuska ba ta canza ba, ba ka yi asara ba, haƙora da jini sun amfana. Ba shi mako 8 zuwa 12, tunda ka ji ƙurji yana daɗewa kafin ya fito. Kada ka canza sabulu ko man shafawa a wannan tsakani, don ka san wanda ya yi aikin. Kowace Juma'a ɗauki hoton fuskarka da waya, a wuri ɗaya, da hasken safe. Mata ku rubuta ranakun al'ada a gefe. Idan lokacin ya cika kuma ka ga sauƙi, dawo da abin na 'yan makonni ka gani ko za su dawo. In ba ka ga bambanci ba, ka wanke wannan abincin daga zargi. Sai madara ta biyo baya a zagaye na biyu, in kana so.

Gwajin laktos kuwa ya fi sauri, don shi a ciki ake jin sa. Mako biyu ba madara, sannan ka sha kofi ɗaya ka saurari cikinka. Mutane da yawa masu wannan matsala suna iya ɗaukar kimanin kofi ɗaya idan sun sha tare da abinci.

Idan ka rage madara, cike gurbin sinadarin ƙashi da kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Mai ciki, mai shayarwa, yaro mai tasowa, ramamme, mai sikila, da mai ciwon suga da ke kan magani, kada su cire wani abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Mai juna biyu ta bar ƙwai da nono saboda ƙurji, wannan ciniki ne na faɗuwa. Wanda kuma yake zargin siliyak, kada ya daina cin alkama kafin a gwada shi, don gwajin ba ya nunawa idan an riga an daina.

Sai gargaɗi a kan aljihu. Ana tallar wani gwajin jini a intanet da ake cewa zai lissafa maka abinci 100 ko 200 da jikinka ba ya so. Abin da yake aunawa, IgG, alama ce kawai ta cewa ka saba cin abincin. Ƙungiyar likitocin alaji ta Turai ta fitar da matsaya tun 2008 cewa kada a dogara da shi, takwarorinta na Amurka da Kanada suka bi bayanta. Haka na'urar da ake sa ka riƙe wani ƙarfe a hannu, kwamfuta ta zayyano maka cututtuka, sannan a sayar maka da maganin a teburi ɗaya. Riƙe sefarka, riƙe nairarka.

Abin da ke aiki a kan fatar

Gyaran cima taimako ne, ba ya maye gurbin magani. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi ya isa. Dirza da soso, da shafa lemon tsami ko toka ko man goge baki, ƙona fata suke yi. Matsa ƙurji kuwa shi ke barin baƙin tabo, kuma a irin fatarmu tabon yakan yi watanni bai goge ba, har ya fi ƙurjin damun mutum.

A kemis ko farmasi akwai benzoyl peroxide, a ɓangaren Nijar za ka ga an rubuta peroxyde de benzoyle. Fara da mai ƙarfin 2.5 ko 5 cikin 100, shafi kaɗan, kuma ka sani yana koɗar da tufafi. Akwai adapalene da ake shafawa da dare, amma mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Dukansu sai an yi mako 8 zuwa 12 ake ganin aikinsu. Amare ku ji wannan: ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku kafin biki ake farawa, haɗin sati ɗaya yawanci sitiroyid ne.

Maganin ƙwayoyin cuta na sha kamar doxycycline sai likita ya rubuta, na 'yan watanni ne, kuma ba a ba mai ciki. Isotretinoin yana aiki sosai ga ƙuraje masu tsanani, amma yana nakasa jariri a ciki, don haka likitan fata kaɗai ke ba da shi.

Idan ƙurajen manya ne masu zurfi, ko suna barin rami, ko ka yi wata uku kana magani ba canji, nemi a tura ka wurin likitan fata. Ana samunsu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Yamai. Ƙurajen da suka feso farat ɗaya tare da zazzaɓi kuwa wani ciwo ne daban, a je asibiti ranar.

Idan kana da wata a gida da ta daina cin gyaɗa da ƙwai da nono saboda fuska, karanta mata wannan shafi, sannan ku ɗauko man da take shafawa ku duba kwalin tare. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta lambar da muke faɗa a ƙarshen shiri.